Hutun Da Aka Tara Wa Yaya

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Mai ɗinki ce take rubuta maka wannan, maƙwabciyata ta ɗakin da ke kallon nawa. Ta ture kekenta gefe ta ɗauko biro, ni kuma ina zaune a tabarma ina faɗa mata. Na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara mini magana, in ka ga ta karkace to daga bakina ne.

Ina gaishe ka, ina gaida amaryarka. Mai ɗinki ta ce wace amarya, mace da jikoki. Ni dai tun da na gan ta amarya ban sake mata suna ba. Ina gaida yara da 'ya'yansu, waɗanda na sani da waɗanda aka haifa bayan rabona da ku. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da safe, ita ma in na taka sai ta saki.

Auta, wani abu ya same ni a wurin aiki, har yanzu ban gane kansa ba. Ranar Litinin ina tsaka da ninke zannuwan ɗakin tiyata aka ce akawu na kirana. Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin wankin asibitin nan, ban taɓa hawa benen ofis ba sai ranar. Na goge hannu na hau. Ya buɗe wani fayil mai kaurin matashi ya ce, Mama, ke ba ki taɓa zuwa hutu ba? Na ce ina zuwa mana, duk Lahadi. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Wai akwai wanda ake bayarwa duk shekara, wata guda cur, ni kuma ban taɓa ci ba, ya taru.

Ba wai ban san da shi ba ne. Amma duk shekara in nawa ya zo, sai wata ta ce 'yarta za ta haihu, wata ta ce mijinta na kwance, in tsaya mata. Sai in ce to. Ni a zatona ya wuce ke nan, kamar ruwan wanki da aka zubar. Ashe rubutawa suke yi. Ya ce da za a ba ni duka sai in fi shekara biyu a gida, amma sabon shugaba ya ce wata biyar, kuma dole ne, daga farkon wata kar a ga ƙafata a ɗakin wanki.

Na ce masa, ɗana, gaya mini gaskiya, kora ce? Ya rantse ba kora ba ce. Na sauko na tambayi Mai Makulli, wato shugabarmu ta ɗakin wanki, ta ce ba kora ba ce. Mai gadi kuma ya ce haka aka ce wa wanda ya gada, har yau bai dawo ba. To maganar wa zan kama?

Kuma wa zai raba kaya? Ka san ba na karatu, amma duk zanen gadon asibitin nan na san ɗakinsa. Ni na ɗinka musu zare a kusurwa. Ja na ɗakin haihuwa, shuɗi na maza, kore na tiyata, na yara ƙulli biyu. Sababbin nan da suka yi makaranta ni suke tambaya.

Abin da ya sa na ce a rubuto maka, duk wanda na gamu da shi sai ya ce, to ina za ki je? Ashe in an ba mutum hutu sai ya je wani wuri. Ɗanka, wannan guda ɗayan da Allah ya bar mini, ya aiko in je wurinsa in ga sabon jaririnsu. Ni kuma kai nake ta tunawa. Rabona da kai tun rasuwar Inna, Mai ɗinki ta lissafa ta ce shekara goma sha huɗu.

Kai da ka yi makaranta, gaya mini me ake yi da wata biyar.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta yi kwana goma sha shida a hanya kafin ta same ni. Muna lafiya gaba ɗaya. Amaryar da kike faɗa tana gaishe ki, ta ce ki zo ki ga amarya da furfura. Sannu da gwiwa, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Na karanta sau biyu ina dariya. Ba kora ba ce, haƙƙinki ne, ki rabu da mai gadi. Kin ce me ake yi da wata biyar. Wurin ƙane ake zuwa. Ɗanki yana zuwa ganinki duk shekara, ni fa? Tun ranar da takardarki ta zo aka kwashe matattun rediyoyina daga ɗakin baya, an shafa fenti, an sa katifa da labule. Na daina zuwa shago, a gida nake 'yan gyare-gyarena yanzu, ko yaushe kika iso za ki same ni zaune.

Kar ki nemi gidan da kika sani, mun tashi daga can shekara shida ke nan. Hanyar ba wuya, mota uku ce. Daga tasharku ki shiga ta farko ki sauka a babbar tasha inda ake canji. Can motoci sun fi ɗari, amma kowace da allo a samanta an rubuta inda za ta, sai ki sa a duba miki, na sa sunayen a bayan takardar nan. Ta ukun ƙarama ce, za ta sauke ki a gaban gidan mai. Daga nan ki tambayi gidan mai rediyo, kowa ya sani.

Ki aiko mini da ranar.

Ƙanenki, Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida amarya da yara. Mai ɗinki ce dai ke rubutawa. Lafiyata lau. Ta ce in fara da ba ka haƙuri, don takardarka ta yi sati huɗu a ƙarƙashin matashina. An karanta mini ita sau uku.

To, zan zo in Allah ya yarda. Ranar ce ban sani ba. Ga yadda abin ya cakuɗe. Kafin takardarka ta iso ɗanka ya sake aikowa, na ce to. Da taka ta zo, na ce to a raina. Sai kuma Mai Makulli ta ce in ba nisa zan yi ba in zauna kusa, ko sabuwar ma'aikaciya za ta buƙaci a tambaye ni wani abu. Nan ma na ce to. Mai ɗinki ta ce na yi wa mutum uku alkawarin jiki ɗaya.

Ranar farko ta hutun na tashi da asuba yadda na saba, na yi shiri, ban ankara ba sai ga ni a ƙofar asibiti. Mai gadi ya ce an hana shi barina in shiga. Ya ba ni benci. Daga bencin ana hango igiyar shanya ta saman katanga. Auta, zannuwan tiyata suka shanya a jikin na ɗakin haihuwa, har suna taɓa juna. Na aiki mai gadi ya je ya gaya musu. Tun ranar kullum can nake, sai azahar in dawo. Mai gadi ya ce ko shi da ake biya ba ya zuwa a kan lokaci kamar ni.

Na ɗaure kaya sau biyu na kwance. In na ɗaure don gidanka sai in tuna jaririn can ban gan shi ba. In na ɗaure don can sai in tuna benensu hawa huɗu ne, ga gwiwa. Kuma wannan mota ukun da ka ce. A da ba mota biyu ba ce? Ko gidan Kawu ne mai biyun? Duk sun haɗe mini. Ina ganin wata ƙofa shuɗiya da famfo a tsakar gida, na rasa ko taka ce ko ta wasu.

Jiya ina kan benci na tuna lokacin da ka kwance rediyon Baba, kana shekara bakwai, ka baje hanjinsa a kan zanen Inna. Da Baba ya shigo na ce ni na kayar da shi, aka dake ni. Ko ba a dake ni ba ne? Na dai san na yi kuka, kai kuma kana bayan ƙofa da kusa a baki.

Kar ka ga na daɗe ka ce wani abu ne. Ni ba na riƙe mutum. Ko shekara shida da suka wuce da baban yara ya rasu ba ka zo ba, takarda ka aiko, ai ban ce komai ba. Ka bar fentin ya bushe, ina nan tafe.

Yayarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Na yi sati biyu da takardarki kafin na iya ɗaukar biro. Fenti ya bushe tuntuni. Matata tana share ɗakin duk safiya tana kakkaɓe katifa, jiya na ce ta daina.

Kafin wannan ta same ki wata uku sun tafi cikin biyar ɗinki, kina kan bencin mai gadi kina gadin shanya. Da farko na rasa dalili, sai da na kai ƙarshen takardar na gane. Da ba ki riƙe ni ba, da ba ki kawo maganar ba har da adadin shekaru. Kin ce ba ki ce komai ba. Gara da kin faɗa a lokacin, da wannan jan rai da kike yi mini da gwiwa da mota uku. Matar da ke ɗaukar kwandon jiƙaƙƙun zannuwa a ka, ita ce mota uku za ta gagara?

In wurin ɗanki kike so ki je, ba mai ganin laifinki, jikanki ne. Ki dai faɗa mini a fili in mayar da rediyoyina ɗakinsu.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san ko za ka amsa ba. Ina gaida amarya, ka ce mata sannu da shara. Jikina lafiya. Mai ɗinki ta karanta mini takardarka na ce ta sake duba sunan, don na zaci ta wani ce aka kawo mana.

Wane riƙo? Ni na kawo maganar ne don ka san ba na riƙo, kai kuma ka ce ita ce riƙon. To yaya ake faɗa? Na tambayi Mai ɗinki ko ita ta ƙara wani abu, ta ce wallahi abin da na faɗa shi ta sa.

Tunda haka ne bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba. Mai ɗinki, rubuta, daina kallona.

Shekarar da na haifi ɗanka, yana wata huɗu a bayana, aka aiko Inna ba lafiya. Baban yara ba a ba shi dama a wurin aiki ba, ya sa ni a mota ni kaɗai, ya ce in na sauka a babbar tasha in tambaya. Na sauka. Mutane kamar an zazzage su daga buhu. Kowane ɗan kamasho na ihun sunan gari, wani ya fizge ƙullin kayana ya jefa a mota. Na gaya masa inda zan je, na ce can za ta? Ya ce shiga mana. Ni kuma ka san ni, na ce to.

Muka yi ta tafiya ina jiran in ga gadar nan da na sani, ba gada. Sai da yamma aka sauke mu a wani gari da ko yarensu ba na ji. Kowa ya ɗauki kayansa ya kama hanya, ni na tsaya a inda aka ajiye ni. Wata mai sayar da lemo ta ga ina kuka ta ja ni ɗakinta. Kwana biyu ina wurinta, yaro na zazzaɓi, muna magana da hannu, kafin aka samo wanda ke jin maganata ya sa aka dawo da ni. Ban ga Inna ba a wannan zuwan. Ku aka ce muku yaro ne ba lafiya shi ya sa ban zo ba. Baban yara bai gaya wa kowa ba, Allah ya jiƙansa, amma in yana son tsokanata sai ya ce, ga direba, yau ina muka nufa?

Tun ranar ban sake shiga motar nesa ni kaɗai ba. Duk zuwan da na yi wurinku yana gefena, shi ke karanta allon. Yanzu babu shi. Da na ji ka ce motoci sun fi ɗari, na yi kwana uku abinci ba ya shiga. Ka ce in sa a duba mini. Wancan karon ma ai tambaya na yi.

Wurin ɗanka ma sai an yi canji a tashar nan, shi ya sa can ma ban je ba. Ba gwiwa ba ce, ba bene ba ne. Ni dai bencin nan ne na san hanyarsa.

Ni ma ina da tambaya. Kai da ka san hanya, kai da ke karatu, me ya hana ka zo ka ɗauke ni? Ba faɗa nake ba. Tambaya ce, kar ka sake juya ta.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta takardarki na ajiye, na sake ɗauka. Na so in yi dariyar direban da mijinki ke kiranki na kasa. Ki yafe mini waccan takardar.

Kin yi tambaya, ga amsa. Ba ni da ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Ciwon suga ne, wani ɗan rauni a yatsa ya ƙi warkewa. Ranar da labarin rasuwar mijinki ya zo kwanana tara da yankewa, a gadon asibiti na rubuta miki ta'aziyyar nan. Na hana kowa gaya miki, har ɗanki, na ce ki ji da rashin da ke gabanki. Daga baya kuma na rasa ta inda zan fara. Shi ya sa muka koma gidan da ba matattakala, shi ya sa na bar shago. Ina da sanduna, ina kaiwa bakin ƙofa, amma motar nesa ba na iyawa.

Ga yadda za a yi, ba sai kin zaɓi komai ba. Ranar Talata ta farko bayan wannan ta same ki, Mai ɗinki ta taimaka ta sa ki a motar farko, ta gaya wa direba da bakinta. In kun isa babbar tasha kar ki sauka, kar ki ba kowa kayanki, kar ki amsa wa kowa. Ki zauna a kujerarki ko da kowa ya fita ya bar ki. Amaryarki za ta bi motocin garinku ɗaya bayan ɗaya tana leƙa taga har ta same ki. Daga Talata mai zuwa za ta fara zuwa, in ba ta gan ki ba ta koma wata Talatar. Ta ce in gaya miki ta yi ƙiba, kar ki tsaya neman siririyar da kika sani.

Na rubuta wa ɗanki na ce ya kawo miki jaririn nan gidan.

Ƙanenki.

*

Auta,

Mai ɗinki ce ke rubutawa. Ta ce wannan ba ta da amfani, gobe Talata, zan riga takardar isowa. Na ce ta rubuta, ni zan riƙo ta in miƙa maka, don in na gan ka ba zan iya faɗa ba.

Ina gaishe ka. Ya jiki? Shekara shida ya kamata in yi ina tambayarka wannan. Ni lafiyata ba zan ce lau ba, tun da aka karanta mini ban zauna wuri ɗaya ba.

Ni ina nan ina wanke zanen gadon mutanen da ban sani ba. Na waɗanda aka yanke wa ƙafa ma na san shi in ya zo, na san da ruwan sanyi ake fara jiƙa shi kafin mai zafi, ashe naka wata ce ta wanke a wani wuri. Wa ya yi jinyarka? Wa ke juya ka a gado? Da ka gaya mini. Mai ɗinki ta ce da me za ki yi, ke da ba kya shiga mota. Ban sani ba. Ina jin da na shiga.

Ɗazu Mai Makulli ta zo har ɗakina, ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce kaya sun cakuɗe, ɗakin tiyata sun kai ƙara sau biyu, ta roƙi akawu ya yarda in dawo jibi Laraba, kwana ashirin da huɗun da suka rage a sake tara mini. Ta ce kin ga ba kora ba ce, ga shi nemanki ake yi. Bakina ya buɗe da kansa. Sai na ji na ce, ƙanena ba shi da ƙafa ɗaya. Ta ce Allah sarki, to Larabar fa? Na ce gobe zan tafi. Ta tsaya tana jiran sauran maganar, ni ma ina jira, ba ta zo ba. Ta tafi ranta bai so ba. Har yanzu ban san ko na yi laifi ba.

Kwana ashirin da huɗu cikin wata biyar. Sauran a benci suka tafi. Ka yi haƙuri da abin da ya rage.

Kayana ƙulli ɗaya ne, a cinya zan riƙe. Ka gaya wa amarya a bakin taga zan zauna, ta ɓangaren direba, kar ta sha wahalar nema. Mai ɗinki ta ce yaya za a yi ka gaya mata, takardar na hannuna. Haka ne. To bar shi, kar ki goge.

In na shigo kar ka tashi. Kar kuma ka rufe ƙafar da zane, na ga da yawa. Ka bar ni in gani sau ɗaya, sannan mu yi wata maganar.

Na gaji, Mai ɗinki. Bar shi haka.

(Nan maganarta ta ƙare. Ni ce Mai ɗinki, ina gaishe ka da jiki. Gobe na ajiye ɗinki, ba zan baro tasha ba sai na ga motar ta tashi da ita.)